Baƙin Babur da Tsintsiyar Inna

Shekarar da aka toshe kogi a Kainji, ruwa ya fara hawowa ƙasarmu ta Ngaski, ita ce shekarar da na koma hawan babur bayan na daɗe rabona da shi. Da an tambaye ni a lokacin, da na ce aiki ne ya sa. Aikin yana ciki, amma saboda Inna na tashi neman babur ɗin, kuma ita ce ta ji jiki.

Ni malamin gona ne. Ina saurayi, gab da samun 'yancin kai, aka ba ni babur na aiki, baƙi, ƙirar Ingila, mai nauyi kamar bijimi. Da shi na zagaya ƙauyukan Yauri har Shanga ina duba gonakin auduga da gyaɗa. Ranar bikin 'yanci na ɗaura masa 'yan tutoci a ka, na ratsa tsakiyar Yelwa, mata na leƙowa ta saman danga. Wannan ranar ta zauna mini a kai fiye da yadda ya kamata. Ba a jima ba aka tura ni tsibiran cikin kogi, wurin Gungawa masu noman albasa, inda babu hanya sai ruwa. Na mayar da babur, na koyi zaman kwalekwale. Shekaru suka wuce, na yi aure, na ajiye tumbi, hannuna ya saba da filafili. Amma a raina ni har lokacin mahayi ne, ko da wasa ban taɓa tunanin hawa na iya barin jikin mutum ba.

Da ruwan tafki ya doso, aka tashi tsibiran, aka dawo da ni tudu in riƙa bin sababbin garuruwan da aka gina wa waɗanda aka tasa, ina nuna musu gonaki. Ƙauyenmu ma yana cikin waɗanda aka tasa, don a kwari yake, bakin fadama. Aka kai mutanenmu wani tudu mai tsakuwa, aka jera musu ɗakunan siminti masu lanƙwasasshen rufi, duk iri ɗaya, har tsoho kan fita ya dawo ya shiga gidan maƙwabci. Ranar da motar kwasar kaya ta zo, Inna na kwance da zazzaɓi mai zafi. A kan tabarma aka ɗauko ta aka sa a mota, ba ta san an baro gida ba sai da ta farfaɗo ta ga siminti a kanta.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "malamin ku". Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu, ajiyewa take in ɗauka. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa matata ko ƙanena, ko da kuwa ina tsaye a wurin ina ji. Haka na tashi na tarar, ban taɓa ɗaukar sa ƙi ba, don na san in na yi tafiya ba ta cin abincin kirki sai na dawo.

Wata safiya na zo gaishe ta, na durƙusa a bakin ƙofa, ta juya wajen matata da ke dama mata kunu.

"Na baro ɗaki ba shara," in ji Inna. "Toka na nan cikin murhu yadda na bar ta. Macen kirki ba ta tashi daga gida ta bar toka. Ɗakin da na haihu ciki, ɗakin da anka binne cibin ɗiyana a bayansa, ruwa zai shiga ya iske shi kamar ɗakin ƙazama."

Matata ta ce, "Inna, wa zai gani? Ruwa ne fa."

"Ni na sani," in ji ta. "Ina so in tahi in share, in kwashe tokar, in jawo ƙyaure. Shi ke nan, ruwa ya zo ya yi abin da anka sa shi."

Wannan ne kaɗai abin da na taɓa jin Inna ta roƙa. Kuma lokaci na gudu, don damina ta yi tsakiya, kullum masu zuwa tsohon gari ciro azara da ƙyamare suna dawowa da labarin inda ruwa ya kawo. Mota ta daina zuwa, hanyar ta lalace. Kwalekwale bai isa can ba tukuna, ruwan bai yi zurfi ba, ga kututturan itatuwan da aka sare. Da ƙafa kuwa yini guda ne, gwiwoyin Inna ba za su kai ba.

Ƙanena, wanda ke riƙe da gonar gidanmu, ya same ni a waje. Mutum ne mai sanyin magana, ba irina ba.

"Yaya, jibi in na gama maimai sai in ɗora ta a jaki. Mu tahi da sassafe, mu kwana can, mu dawo."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce masa, "Jaki? Ina ma'aikacin gwamnati a ɗora uwata a kan jaki kamar buhun dawa, a ratsa da ita gaban mutane? Ka bar wannan magana. Babur zan saya, dama aiki na bukatarsa. In kai ta da hantsi, ta yi shararta, mu dawo kafin la'asar."

Ya ce, "Ruwan fa ba ya jira, Yaya."

Na ce masa ni ma da idona, kuma ni ake kawo wa labarin ruwa daga ofis, ba shi ba. Ya bar maganar, don ƙane ne. Wallahi da ya yi mini gardama ran nan da ya taimake ni.

Na hau mota zuwa Yelwa. A lokacin aikin madatsa ya doshi ƙarewa, ma'aikata na ta watsewa suna sayar da kayansu, sai wani dillali ya riƙa sayo baburansu yana kawowa gindin wata bishiyar mangwaro kusa da tasha. Biyu na tarar masu lafiya. Ɗaya ƙarami ne, ja da fari, irin sababbin nan da ba su da tanki tsakanin cinya, mutum ya zura ƙafa kawai ya zauna. Ba shi da kuloci a hannu. A bayansa akwai faffaɗar kariya ta ɗaukar kaya da aka ɗaura wa matashi, da ƙarfe zagaye da ita wanda na baya zai riƙe. Ɗayan kuma baƙi ne, dogo, tankinsa na sheƙi, bututun hayaƙinsa, wato salansa, har biyu, kujerarsa doguwa siririya, a sulɓe har ƙarshe. Ba ƙirar Ingila ba ne, amma daga nesa ka rantse shi ne nawa na da.

Ba zan ce ban gane ba, ƙaramin na fara gwadawa. Ƙafafuna duka biyu suka taka ƙasa daram. Na buga kik sau ɗaya ya tashi, na zagaya tasha da shi, ya bi hannuna kamar tsohon keke. Ko ya faɗi, da hannu ɗaya zan ɗaga shi. Har na juya na dubi kariyar nan na ce a raina, nan tsohuwa za ta zauna ta riƙe ƙarfe ta ji daɗi. Na faɗa a raina, da kalmomin nan, ba wai daga baya na ƙirƙira ba.

Ina kashe shi sai ga wani tsohon abokin aikina, malamin daji, wanda ya san ni tun zamanin tutoci. Ya tsaya ya riƙe haɓa yana dariya.

"Malamin gona, an koma ungozoma ne? Ai wanga na matan asibiti ne. Kai da kake girgiza Yelwa da ƙara, yanzu sai ka wuce ba a ji ba?"

Dillali ya kama zancen. "Ranka ya daɗe, ni ma na yi mamaki. Dama na ce a raina mai wanga jiki ba ya dacewa da ƙaramin abu. Baƙin can ne naka, tun da ka doso na gani."

Ba su faɗi abin da ya fi haka ba. Da wannan 'yar dariyar aka saye ni, ni da nake ganin kaina mai hankali. Na sauka daga ƙaramin kamar wanda aka kama da kayan mata, na nufi baƙin. Da na ɗaga ƙafa zan haye, wani abu ya amsa a ƙuguna. Da na zauna, kan yatsuna kawai ke taɓa ƙasa. Na ture shi daga ƙafar tsayawa, nauyinsa ya rinjaye ni gefe, da ƙyar na tare, na wayance da gyara riga. Sannan na lura da wani abu: a tsohon baburina giya na ƙafar dama, birki na hagu, a wannan kuwa an juya su. Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne, ƙafa za ta saba. Na tayar da shi, ya yi wata ƙara mai kauri da ta sa masu jiran mota waiwayowa, sai na ji shekarun nan duk sun sauka daga kaina. Ban ko dubi kujerar bayan ba.

Tayar bayan baƙin ta suɗe, dillali ya ce sai an kawo sabuwa daga Kontagora. Ƙaramin kuwa a shirye yake, da na ɗauke shi da a ranar zan kwana gida. Na zauna a Yelwa ina jiran taya, motar da za ta kawo ta lalace a hanya, na ƙara jira. Kullum da yamma in je bakin kogi in ga ruwa ya cinye inda na tsaya jiya, in dawo in zazzage wa dillali masifa, amma ban taɓa cewa a ba ni ƙaramin ba. Mako ya zagayo, har ya ɗora.

Tafiyata gida ni kaɗai ta isa ta zama gargaɗi. Babur ya mutu a hannuna ba sau ɗaya ba, don hannun hagu ya manta yadda ake sakin kuloci. Wuyan hannuna ya yi tsami. Duk lokacin da akuya ta ratsa, sai ƙafar hagu ta kai wa giya duka tana neman birki. Amma hanyar mota ce mai tauri, ba kowa a bayana, na lallaɓa na iso. Da na hango ɗakunan siminti, na gyara zama, na buɗe wuta, na shiga gari ina danna oda. Mutane suka fito, aka yi mini barka, wasu na shafa tanki. Ƙanena ya zagaya babur ɗin ya dubi kujerar ya dube ni, ya ce, "Allah ya sa alheri, Yaya. An ce ruwa ya kama gonakin ƙasan gari."

Washegari da hantsi Inna ta fito cikin zanenta mai kyau, ta yafa mayafi, tsintsiya a hannu da tsohuwar tasa ta kwasar toka. Ta tsaya ta daɗe tana kallon babur. A nan ne abin ya faɗo mini, ina kan kujera, injin na ruri: babu kariya, babu ƙarfe, babu wurin riƙewa sai ni. Duk wanda ya hau bayan wannan babur dole ya matso ya jingina da mai tuƙi, ya zagaye ƙugunsa da hannu. Matar da ba ta miƙo mini ƙoƙon ruwa hannu da hannu ita na kawo wa wannan. Shekara da shekaru ina ɗanta na fari, amma a gindin mangwaron can na manta da shi.

Da ni mutum ne mai sauƙin kai, da na kashe injin na ce wa ƙanena ya kawo jakinsa. Amma maƙwabta sun taru, ana ta cewa Inna ta haifi ɗa. Matata ta ninke zane ta shimfiɗa a bayan kujera, ita da ƙanena suka ɗaga Inna suka zaunar da ita a karkace, ƙafafu gefe ɗaya. Ta ja jiki can ƙarshen kujerar har sai da ta bar tazara tsakaninmu, ta gitta tsintsiyar a wurin. Ta rungume tasa da hannun hagu, ta maƙale yatsun dama a gefen kujera.

Bakina ya ƙi buɗewa in ce mata ta riƙe ni. Ni ma kunyar ce ta kama ni, ban taɓa faɗa wa Inna magana irin wannan ba. Sai na ce wa ƙanena, "Ka ce mata ta riƙe da kyau."

Ya faɗa mata. Ta amsa masa, "Na riƙe."

Muka tashi a hankali. Farkon hanyar tsakuwa ce, na yi ta lallaɓawa a ƙaramar giya, ina jin nauyinta can baya yana jan kan babur. Muka wuce gonakin gero, muka wuce wani garken shanu, Fulani na ɗaga mana sanda. Da na ga mun yi nisa lafiya, zuciyata ta fara kumbura, na ƙara giya. Na ji ta yi salati ƙasa-ƙasa, na yi kamar iska ce.

Wajen rabin hanya akwai wani rafi mai gangare, yashi ne zalla daga sama har bakin ruwa. Muna dosowa na hango mutanen garinmu suna haurowa daga tsohon gari, maza ɗauke da azara a kafaɗa, mata da tukwane da duwatsun niƙa, da wani dattijo mai jakuna. Suka tsaya gefe su ba mu hanya. Na san ƙa'idar yashi tun ina saurayi: ka rage gudu tun daga sama, ka bar birkin gaba, ka riƙe wuta daidai. A kaina duk tana nan. Amma idanun nan na kaina, na so in sauka gangaren kamar mutumin da bai taɓa barin hawa ba, ban rage da wuri ba. Da taya ta shiga yashi ta fara rawa, ƙafar hagu ta yi abin da ta saba yi a da, ta taka da ƙarfi inda birki yake a tsohon babur. Giya ta taka. Babur ya yi wata irin zabura, ya tsuguna ya miƙe, sai na ji bayansa ya yi sakayau. Na ji ƙarar tasa a kan dutse. Na waiwaya, hannuna ya damƙe birkin gaba, ni da babur muka kife.

Ƙafata na ƙarƙashinsa, salansa na cin ƙwaurina, na yi ta turawa ya ƙi motsi. Sai da maza suka ajiye azara suka taru suka ɗaga shi. Ban ji ƙunar ba a lokacin, idona na kan Inna. Tana kwance a gefen hanya inda yashi ya haɗu da dutse, mayafinta ya yi gefe, kallabinta ya fita. Ban taɓa ganin kan Inna a buɗe ba sai ranar, fari fat, kitson ya tsufa. Matan suka sauke kaya da sauri suka kewaye ta, suka ware zannuwa suka kare ta daga idon maza. Daga cikin zannuwan na ji muryarta, ba kuka ba, tambaya take ko wancan ya ji ciwo.

Wata tsohuwa ta amsa mata, "Ga shi can tsaye, lafiyarsa lau."

Lafiyata lau kuwa. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya yi dariya, sannu kawai ake ta yi mini, kuma kowace sannu sai ta fi mari zafi. Dattijon nan ya sauke kayan jakinsa ɗaya a bakin hanya, aka shimfiɗa zannuwa, aka ɗora Inna, mata biyu na tallafe da ita hagu da dama. Haka ta koma gida a kan jaki, a gaban rabin gari, wuyan hannunta na dama a karye, ƙugunta ba ya taɓuwa. Wani ya buga wa babur kik don ya ga ko ya lalace, ya tashi nan take, ko fitila bai fasa ba. Na kashe shi. Ban iya jin ƙararsa ba, da hannu na tura shi a bayansu har gida, ina haki, wata mata na tafe gefena riƙe da tsintsiyar da tasar da ta lotse.

Aka kira mai ɗori ya ɗaure hannun da karare, ya duba ƙugun ya ce sai a hankali. Kwanakin da suka biyo gidan ya cika da masu dubiya. Ina zaune a ƙofar gida ina karɓar gaisuwar maza, ɗakin Inna kuma ba nisa, duk abin da ake faɗa ina ji. Kowa ya tambaye ta yadda aka yi, amsarta ɗaya.

"Ni ce ban iya zama ba. Tsoro ya kama ni na saki. Shi tuƙinsa lahiya lau."

Waɗanda suka gani da idonsu a bakin rafi suna zaune a ɗakin, ba wadda ta musa mata. Ni ma ban tashi na ce ba haka ba ne. Na sunkuyar da kai ina tsintar tsakuwa, mazan da ke gefena suka shiga zancen tsadar gishiri don su rufa mini asiri.

Da jikinta ya ɗan lafa, ta kira ƙanena, ta sa aka miƙa masa tsintsiyar. Ta gaya masa ya fara daga ƙuryar gado ya sharo zuwa ƙofa, ya kwashe tokar ya zuba a gindin tsamiyar bayan gida, kada ya watsar a tsakar gida, sannan ya jawo ƙyaure. Namiji ne, ta ce, ba zai yi kamar yadda za ta yi ba, amma ya fi babu. Na ce zan kai shi a babur mu yi sauri. Ya ce, "Bari, Yaya, jakin ya san hanya." Bai faɗa da gatse ba, shi ya sa ma ta fi shiga.

Ya dawo washegari da rana, wandonsa da ya jiƙe har cinya ya bushe a jikinsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ni ina bayansa.

"Inna, na isa. Ruwa ya shiga gari. A tsakar gidanmu ya kai mini gwiwa."

Ta ce, "Ɗakin fa?"

"Bangon gabas ya zauna. Na leƙa ta ƙofa, ban iya shiga ba."

"Tokar?"

"Ruwa ya riga ni, Inna. Waɗanda na iske can sun ce bai jima da shiga ba. Kwanan baya kaɗan a bushe yake."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, amma kowa a gidan ya iya lissafin. Ranar da ya ce zai kai ta a jaki, ƙasa a bushe take. Ranar da na gwada ƙaramin babur a tashar Yelwa, a bushe take. Inna ta juya fuskarta bango. Da aka jima ta ce wa matata, "Wancan bai ci komai ba tun jiya, na ga an maido da kwano. A kai masa." Aka kawo mini tuwo, na zauna a gabansa har ya huce.

Babur ɗin ban sayar ba, aiki na bukatarsa, ƙaramin kuma wani malamin makaranta ya riga ya ɗauka. Na shafe shekaru ina hawan baƙin, ƙafata ta saba, na zo na iya shi fiye da na farkon ma, iyawar da ba ta amfani kowa ba. In na doso gida nakan kashe shi tun daga bakin gari in turo, don kada Inna ta ji ƙararsa. Mutane suka ɗauka ladabi ne, har ana ba da misali da ni, ni kuma ina jin su ina ƙonewa.

Hannun ya ɗoru a karkace, yatsun ba sa rufuwa. Ƙugun kuma bai sake barin ta ta sunkuya ba. Matata ce ta koma share mata ɗaki kowace safiya, Inna kuwa da ta ga an shigo da tsintsiya sai ta dogara sanda ta fita bayan ɗaki ta zauna har a gama, ba ta iya kallo. Ba ta taɓa ta da zancen tsohon gari ba, ko da masunta suka fara cewa suna jefa koma a kan unguwarmu.

Wata safiya, bayan girbi, na zo gaishe ta da wuri fiye da yadda na saba, don ina da tafiya zuwa garin Wara. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Kafin in yi sallama na hango ta zaune dirshan a kan siminti, ƙafafu a miƙe, tsintsiya a hannun hagu. Tana share abin da hannunta ya kai, sai ta dafa ƙasa ta ja jiki gaba kaɗan, ta cije leɓe, ta sake sharewa. Ta fara daga ƙuryar gado, ta kusa rabin ɗaki. Inuwata ta faɗa ciki, ta ɗago ta gan ni. Da sauri ta tura tsintsiyar ƙarƙashin gado, ta jawo zane ta rufe ƙafafunta, ta kau da kai kamar mai hutawa.

Ban yi sallama ba, na ja da baya kamar ban ga komai ba. Na koma ƙofar gida na zauna kusa da babur, na jira har matata ta idar da wanke-wanke ta shiga ta ɗaga ta daga ƙasa.